Zan je Istanbul saro kaya, ina zan samu Wi-Fi na kyauta?

Tambayar ta fito ne daga ƙanin wani abokina da ke Tudun Wada, nan Zariya, mai sayar da abaya da kayan yara. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Yaya Injiniya, barka da aiki. Wata mai kamawa zan je Istanbul saro kaya, kuma wannan ce fitata ta farko. Kwana tara zan yi. An ce min data a can tsada gare ta, an kuma ce in na bar layina na gida a waya zai cinye min kuɗi. Ina ake samun Wi-Fi na kyauta? Kuma yaya zan yi kada a kwashe min kuɗi a banki?"

Barka kadai, ƙanena. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai da kasuwa mai albarka.

Wi-Fi na kyauta a Istanbul ba abin nema ba ne, ya fi ruwan leda yawa a Kwangila. Filin jirgi akwai, otal akwai, gidan shayi akwai, har dandalin da mutane ke zaman shan iska akwai. Abin da ke kayar da baƙo shi ne ƙofar shiga, kuma mabuɗin wannan ƙofa a nan Zariya ake shirya shi, ba a can ba. Na fi shekara goma ina ɗaura wa otal-otal da makarantu da ofisoshi intanet, daga Samaru har cikin birni, don haka ni ma mai kafa irin wannan ƙofa ne. Bari in faɗa maka yadda take daga ciki.

Wi-Fi iri biyu za ka tarar. Akwai mai kwaɗo, wanda za a ba ka kalmar sirri ka shigar, shike nan. Akwai kuma wanda za ka gan shi a buɗe ba kwaɗo, ka taɓa ya ce ya haɗu, amma ko saƙon WhatsApp ɗaya ba zai fita ba sai wani shafi ya buɗe ya nemi sanin ko kai wane ne. Na filin jirgi da na hukuma da na manyan kantuna duk irin na biyun ne. A Turkiyya akwai doka mai lamba 5651 ta shekarar 2007, wadda ta ɗora wa mai bai wa jama'a intanet nauyin ajiye bayanan waɗanda suka yi amfani da shi. Shi ya sa shafin yakan ce ka sa lambar wayarka, ya turo maka wasu 'yan lambobi ta saƙon tes, ka mayar masa da su kafin ya buɗe maka. Ka ga inda gizo ke saƙar: kana neman intanet ne don ba ka da sabis, shi kuma yana neman sabis ɗinka kafin ya ba ka intanet.

To wanda ya ce maka ka cire layinka na gida, rabin gaskiya ya faɗa maka. Abin da ke cin kuɗi a ƙasar waje abu biyu ne: data, da kira. Kiran ma har wanda aka yi maka, in ka ɗaga, ana cajinka. Amma karɓar saƙon tes a yawancin layuka ba a cire ko kwabo, kuma da shi za ka buɗe Wi-Fi, da shi bankinka zai turo maka OTP da alat. Don haka layin zai zauna a waya. Kafin ka tafi ka je ofishin kamfanin layinka ko ka kira su, ka ce a buɗe maka romin, wato damar layin ya kama sabis a wata ƙasa, ka kuma tambaye su da bakinka ko karɓar tes kyauta ne a Turkiyya. Ka bar ɗan kati a ciki. Sannan ka shiga saitin waya ka kashe romin na data, ka kashe datar layin gaba ɗaya tun kana Kano ko Abuja kafin jirgi ya tashi. In wayar ta yi ƙara a can ka ga lambar gida, kada ka ɗaga, ka bari sai ka samu Wi-Fi ka kira ta WhatsApp.

Wani ɗan abu da ke wahalar da mutane: wajen shigar da lamba a shafin, ka zaɓi Najeriya ko ka rubuta +234, sannan ka jefar da sifilin farko. Mai 0803 zai fara da 803. Na ga mutum ya yi minti ashirin yana zagin filin jirgi, ashe sifili ɗaya ne ya tare masa hanya.

Wannan maganar ta layi ba a littafi na karanta ta ba. Wata tafiya da muka yada zango a wani filin jirgi wajen ƙarfe biyu na dare, na tsugunna gindin wani ginshiƙi ina cajin waya, sai na ji an yi min sallama da Hausa. Wata dattijuwa ce, da jakar leda a hammata da carbi a hannu, ta ga hulata ta nufo ni. Muna gaisawa ta ce daga Gyallesu take. Ta miƙo min waya sabuwa fil, ko ledar fuskar ba a ɓare ba, ta ce, "Ɗan nan, taimaka ka kira min yaron nan ka ce masa na sauka." Na duba, babu layi a ciki. Ashe ɗan nata ne ya zare layin ya ajiye a gida, wai kada ya ɓata ko a cinye mata kuɗi, ya ce mata ai akwai Wi-Fi ko'ina. Wi-Fi ɗin kuwa ga shi nan cike da sanduna, yana jiran lambar da za a tura wa layin da ke cikin durowa a Gyallesu. Sai da na buɗe da tawa lambar, na kunna mata hosfot, sannan ta ji muryar ɗanta. Abin da ta fara ce masa ba zan maimaita a nan ba.

Idan saƙon ya ƙi zuwa, don wani lokaci layin kan ɗauki mintuna kafin ya kama sabis ɗin ƙasar, to akwai hanya ta biyu. A babban filin jirgin Istanbul, da irinsa a Sin da Indiya, akan ajiye wasu na'urori tsaye kamar na cirar kuɗi, ka ɗora shafin fasfonka mai hoto, su ba ka lambar shiga. In ba ka gan su ba ka nufi teburin masu ba da bayani, ka nuna musu wayar ka ce Wi-Fi. Za su gane. Ka karanta abin da shafin ya rubuta game da tsawon lokacin da aka ba ka, domin wasu wuraren awa ɗaya ne, wasu babu iyaka.

Kuma in ka shiga, ba lokacin kallon sitatus ba ne. Ka sanar da gida ka sauka. Ka tura wa otal ko dillalin da zai tarbe ka saƙo. Ka duba motar da za ka hau. Filin jirgin yana da nisa da gari, ya haura kilomita 40 zuwa unguwannin da 'yan kasuwarmu ke sauka, kuma akwai bas ɗin Havaist da ke zuwa Aksaray, maƙwabciyar Laleli inda shagunan sari suke. Da zarar ka fita ƙofar filin jirgi Wi-Fi ya yanke, sai ka isa masauki. Ka tuna kuma agogonsu yana gaban namu da awa biyu, kada ka ga shiru ka ɗauka saƙon bai je ba, mutanen gida barci suke.

A cikin gari, Wi-Fi ɗin da za ka fi mora na otal ne, don haka tun wajen zaɓen otal ka karanta abin da waɗanda suka kwana suka rubuta a kansa. Kowane otal zai ce yana da Wi-Fi. Ni da ke ɗaura shi na san abin da hakan ke nufi a wasu wuraren: na'ura ɗaya tak a bayan teburin karɓar baƙi, ana so ta ciyar da hawa biyar. In ka shiga ɗaki ka gwada kafin ka kwance kaya. In sanda ɗaya ce ka sauko ka nemi a canza maka ɗaki kusa da na'urar, ba abin kunya ba ne. Wani lokaci za ka ga suna ɗaya ya fito sau biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wannan ba 5G na layin waya ba ne, zangon 5GHz ake nufi. Ya fi sauri amma ba ya jure bango. Ɗayan, mai 2.4GHz, ya fi ratsa gini amma cunkoso ya yi masa yawa. In kana kusa ka hau na biyar, in kana lungu ka hau ɗayan. Da daddare, bayan kowa ya dawo ɗaki ya kunna bidiyo, dukansu sukan yi nauyi. In kana da hotunan kaya masu yawa da za ka tura wa kwastomomi, bayan sallar asuba ka tura.

Kalmar sirrin kuma ka ɗauki hotonta, kada ka dogara da kunne. Turkawa suna da harafin i iri biyu, mai ɗigo da marar ɗigo, ga kuma ş da ç da ğ. Yaron otal zai rubuta maka a ɗan kati da hannunsa, kai kana ganin 1 ne ko l, ashe ı ce. In ta ƙi sau biyu ka miƙa masa wayar ya shigar da kansa. Kalmar da za ka riƙe ita ce şifre, ana furta ta kamar "shifre". Ka shiga gidan shayi, ka sayi shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashinsu, ka ce "Wi-Fi shifre?" Ko a nuna maka bango, ko ka gan ta a ƙasan rasit.

Hukumar birnin tana da nata na kyauta mai suna ibbWiFi a manyan dandali da wasu wuraren taruwar jama'a. Shi ma da lambar waya ake rajista, ka ga layin gida ya sake yin rana. Yana da amfani in ka ɓata hanya ko kana son tura saƙo ɗaya, amma kada ka shirya kiran bidiyo a kansa.

Ga wanda ba kowa ke faɗa ba. Kai ɗan kasuwa, Wi-Fi mafi sauƙi gare ka yana cikin shagon da kake ciniki. Mai shago a Laleli ko unguwar Merter ya san ba za ka ɗauki dozin goma ba sai ka nuna wa wani a gida launi da ɗinki. Shi da kansa yake so ka yi kiran. Ka tambaya kai tsaye, sau da yawa kafin ka rufe baki ya karɓi wayar ya shigar maka, ya aika a kawo shayi.

Yanzu matsalar da aka fi kawo min: ya ce ya haɗu amma shafin shiga bai fito ba. Dalili shi ne na'urar tana jiran wayarka ta nemi wani shafi marar kulle don ta tare ta a hanya ta nuna mata nata, alhali kusan duk shafukan yau a kulle suke. In kana da VPN kashe shi tukuna. In wayarka Android ce, ka duba saitin da ake kira Private DNS, in a kunne yake ka kashe. Sannan ka buɗe burauza ka rubuta neverssl.com, shafi ne da aka yi shi musamman ba kulle don irin wannan. Yawanci nan take ƙofar ke bayyana. In duk ya ƙi, ka sa wayar ta manta da wannan Wi-Fi ka sake shiga daga farko.

Sai maganar banki, wadda na san ita ta fi tsaya maka a rai. Ana yawan tsoratar da mutane cewa duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da kai yana karanta saƙonninka. Shekaru goma sha biyar baya akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Yanzu manhajar banki tana kulle abin da take aikawa tun daga wayarka har bankin, WhatsApp kuma tun 2016 ya kulle saƙonni daga waya zuwa waya. Mai Wi-Fi zai iya sanin ka buɗe manhajar kaza, amma bai ga lambar sirrinka ba. Ɓarawon yau ba ya fasa ƙofa, kai yake sa wa ka buɗe masa. Zai zauna a kusurwa da 'yar na'ura a jaka, ya kafa Wi-Fi mai suna irin na wurin, ka hau, shafi ya fito fes da tambari, ya ce ka shiga da imel ɗinka da kalmar sirrinsa, ko da Facebook. A 2024 'yan sandan tarayya na Ostireliya sun gurfanar da wani mutum mai shekara 42 bisa zargin yin haka a filayen jirgin Perth da Melbourne da Adelaide, har a cikin jirgi yana sama. Ma'aikatan jirgi ne suka lura da wani Wi-Fi da ba nasu ba.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Wi-Fi na gaskiya zai iya neman lambar waya, ko lambar ɗaki da sunan mahaifi, ko adireshin imel kawai. Wanda ya nemi kalmar sirrin imel, ko ta Facebook, ko lambar katin banki alhali ya ce kyauta ne, ko ya ce sai ka sauke wata manhaja ko ka girka wata takardar shaida a waya, fita kawai. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In ka ga sunaye biyu masu kama da juna, tambayi ma'aikacin wurin wanne ne nasu. In burauza ta yi maka jan gargaɗi cewa shafin ba amintacce ba ne, kada ka danna ci gaba. Ka kuma hana wayar hawa buɗaɗɗen Wi-Fi da kanta, domin waya takan riƙe sunan da ta taɓa hawa, duk inda ta sake jin sa sai ta bi, ko da wani ne ya ari sunan.

Ni dai tiransifa ba na yin ta a dandali ko tashar jirgin ƙasa, ba don Wi-Fi ɗin kaɗai ba, har don idon wanda ke tsaye a bayana. Ina bari sai na koma ɗaki. Kuma tun a gida ka sa wa WhatsApp ɗinka lambar tsaro ta biyu mai lamba shida. Masu sace WhatsApp sun fi son matafiyi, don sun san 'yan'uwa za su yarda in an ce musu ya maƙale a waje a turo kuɗi. Duk wanda ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ko da sunan otal ko kamfanin jirgi ya zo, kada ka ba shi.

Akwai manhajojin da ke cewa za su nuna maka kalmar sirrin Wi-Fi na kusa da kai. Ban ba ka shawarar su ba. Rabin abin da ke ciki ya tsufa, wasunsu kuma suna kwashe na gidanka da na shagonka su raba wa duniya. Ban da haka, ganin ƙofar gidan mutum a buɗe ba shi ne an ce maka bismilla ba, kuma kai baƙo ne a ƙasar mutane.

Rabin abin da kake neman intanet dominsa ma ba ya buƙatar intanet. GPS na waya daga tauraron ɗan'adam yake ji, ba ruwansa da data. Ka buɗe Google Maps a nan, ka sauke taswirar Istanbul, ka sa alama a otal ɗinka da Aksaray da Laleli da ofishin masu kargo. A Google Translate ka sauke Turkanci da Ingilishi, Hausa ma ana sauke ta. Tikitin jirgi, biza, takardar otal, duk ka ɗauki hotonsu, sannan ka buga su a takarda, ka rubuta adireshin otal da lambobi uku na gida a bayanta. Takarda ba ta mutuwa don rashin caji. Af, caji: soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, kan cajarmu mai ƙafa uku ba ya shiga. Ka sayi adafta a Sabon Gari, ka sa fawa banki a jakar hannu, ba a yarda da shi a cikin kayan awo ba.

Tunda na san daga Istanbul sai ka fara hangen wasu wuraren: a Dubai Wi-Fi na filin jirgi kyauta ne kuma ba wahala, saƙon WhatsApp yana tafiya, amma kiran murya da na bidiyo a toshe suke, mutane da wata manhaja mai suna Botim suke kira. A Guangzhou kuwa ko ka samu Wi-Fi, WhatsApp da Facebook da duk kayan Google ba sa aiki, sai ka buɗe manhajar WeChat tun daga gida ka haɗa iyalinka a kai. A garuruwan Turai za ka riƙa ganin WiFi4EU a dandali da ɗakunan karatu, na hukuma ne. Ƙanwarka da ke karatu a Samaru kuma, in Allah ya kai ta wani taro a waje, ta tambayi sashen kwamfuta na makaranta ko suna cikin eduroam. Tsari ne na jami'o'i a ƙasashe sama da 100, da sunan shiga na makarantarka kake hawa Wi-Fi na kowace jami'ar da ke ciki.

Ka tambaye ni na kyauta, na kuma faɗa maka. Amma da ni ne zan yi kwana tara ina yawo da kuɗin kaya tsakanin Laleli da Merter da ofishin kargo, ba zan dogara da shi kaɗai ba. Wi-Fi a zaune yake, ɗan kasuwa kuwa a tafe yake, kuma lokacin da za ka fi buƙatarsa shi ne lokacin da kake tsakiyar titi dillali bai zo ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ka danna *#06# a wayarka. In ka ga wata doguwar lamba da aka rubuta EID a gefenta, wayar tana ɗaukar eSIM, wato layin da ba a sa kati, sai ka sayi 'yar data kaɗan ta Turkiyya. Ka saya ka girka tun a nan, domin a 2025 hukumar sadarwar Turkiyya ta toshe shafukan wasu kamfanonin eSIM na waje, in ka bari sai ka sauka ƙila shafin ma ba zai buɗe ba. In babu EID, kamar yadda yake a yawancin Tecno da Infinix da itel da ke hannun mutanenmu, to ramin layi na biyu ya yi amfani: ka sayi layin ƙasar da fasfonka, a cikin gari ya fi araha a kan filin jirgi. WhatsApp zai ci gaba da lambarka ta gida, in ya tambaye ka ko za ka canza lamba ka ce a'a. Giga biyu ko uku za su ishe ka in ka bar wa Wi-Fi na otal nauyin bidiyo da hotuna, ka kuma hana waya sabunta manhajoji da data.

Ranar Asabar bayan la'asar ka biyo shago da wayar da layin, mu saita su tare. Kafin nan ga aikin gida: ka sauke taswirar Zariya, ka kashe data da Wi-Fi duka, ka hau Keke daga Agoro zuwa Ƙofar Doka kana kallon shuɗin ɗigon nan da ke nuna inda kake a taswira. In ya bi ka har ƙofa, to ka iya. In ya tsaya a Agoro, ka zo da wuri.